Kwamfutarka Ba Bakanuwa Ba Ce

Na san ku. Tun ban kai ƙarshen layin farko ba kun fara taɓe baki. Wai Malam ya rasa abin rubutawa sai zafin kwamfuta, a garin da in ka yi sallar Azahar a tsakar gida a watan Afrilu goshinka ke gaisawa da tabarma a tsaitsaye. Ɗayanku ma ya tare ni a majalisarmu ta bakin lungu a Yakasai, kofin shayi a hannu, ya ce: "Haba Malam! Mu da muka yi azumin 2023 da na 2024 a tsakiyar bazara ba mu narke ba, ƙarfe ne zai narke?" Majalisa ta kwashe da dariya, mai shayi har da buga tebur. To Alhaji, turmin farko naka ne. Amma gyara zama, ba a tashi damben ba.

Kai Bakano ne gaba da baya. A cikin badala aka binne cibiyarka, kakanninka sun sha ranar Dala da Goron Dutse tun ba a san fanka ba. In zafi ya taso jikinka ya san abin yi: gumi ya karyo, ka tuɓe babbar riga, ka ja tabarma zuwa zaure, ka aiki yaro ya ɗebo maka na randa. Ita kuwa wannan 'yar gatan da kake shirin zuba wa kuɗin ragon layya biyu, baƙuwa ce. A ofis mai sanyi aka zana ta, can Amurka ko Taiwan, aka harhaɗa ta a ƙasar Sin, kuma masu ita ba su ɓoye iyakarta ba. Kamfanin Apple ya rubuta cewa a yi aiki da MacBook a wurin da zafinsa ke tsakanin digiri 10 da 35 a ma'aunin Salshiyas. Dell a yawancin nasa ya ce daga 0 zuwa 35. HP da Lenovo su ma a 35 ɗin suke ja birki a mafi yawan na gida da na ofis. Kano fa? Da tsakar ranar Afrilu ma'auni kan taɓa 39, ya taɓa 40, wani sa'in ya zarce. Wannan kuma a inuwa aka auna, ba a ɗakinka na saman bene mai rufin kwano ba, da ƙarfe uku na rana, an ɗauke wuta. Ke nan daga Maris har ruwan farko ya sauka, baƙuwar taka tana aiki ne a inda iyayenta suka ce ba ruwansu.

Kada ku ce daga takarda na karanto. Ni ma an ci kasuwata, kuma da hannuna na miƙa.

Shekarun baya wasu 'yan kuɗi suka shigo mini, na ɗora hula a goshi na nufi wani shago. Ba zan faɗi sunansa ba, don ba su da laifi. Abin da na tambaya shi suka ba ni. Yaron shago ya zaro wata siririya mai ƙyalli, ya ɗora ta a tafin hannu ɗaya kamar faranti. "Yallaɓai, i7 ce. Ko a aljihun babbar riga sai ta shige." Na yi tambayoyin nan uku da kowane Bakano ke yi: ram nawa, ma'ajiya nawa, nawa za ka rage. Ban kifa ta na dubi cikinta ba. Ban tambayi ta ina take numfashi ba. Lokacin hunturu ne, ta shigo gida amarya, ba hayaniya, ba ƙorafi, taɓa ta ka ji sanyi kamar ƙofar firji. Sai bazara ta kama. Fankarta ta fara kuka kamar injin markaɗe ranar suna. In danna harafi, sai na kai hannu ga kofin ruwa kafin ya fito a allo. Gefen hagu na madannai ya yi zafin da za a iya ɗumama gurasa a kai. Wata ranar Laraba, ina tsakiyar aikin da na kwashe awa uku ina yi, ta ɗauke ɗif, ba sallama. Na zargi masu wuta, na zargi bairos, saura kaɗan in zargi yaran gida.

Mai gyaran da na kai wa yaro ne, sa'an ɗana na fari. Ya kifa ta a kan wani tsohon tawul, ya kwance notina ɗaya bayan ɗaya yana jefawa a murfin gwangwanin madara, ya ɓamɓare bayanta da tsohon katin waya. Sai ya sa hantsaki tsakanin fanka da wasu siraran haƙoran ƙarfe da ke bakin mafitar iska, ya jawo wani abu a hankali. Ya fito guda ɗaya bai tsinke ba, tsawon yatsa, kamar lagwanin fitilar ƙwai, launinsa ja-ja irin na ƙasar Kano, da zaren bargo da gashi a saƙe ciki. Ya ɗaga shi saitin haske ya ce, "Baba, ai katifa ka ɗinka mata a hanci." Daga nan ya cire bututun jan ƙarfe, ya nuna mini man da ake shafawa a kan ƙwaƙwalwar injin don zafi ya riƙa wucewa. Ya bushe ya tsattsage kamar lallen da ya kwana. Ya goge, ya shafa sabo, ya hure fanka, ya mayar. Da na zo biya sai ya ƙara da abin da ya fi kuɗin aikin ciwo: "Za ta samu sauƙi, Baba, amma ba za ta warke ba. Injin babba ne, jikin ƙarami." Ko ba a gwada ba, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Ni na gwada, da kuɗina.

Yanzu ga abin da nake so ku riƙe, ku masu dariya. Duk wutar da ƙwaƙwalwar kwamfuta ta sha, zafi take komawa, ba ragi. Injin da ke shan wat 45 yana fitar da zafi kusan irin na tsohon ƙwan fitila mai wat 40, wanda kowa ya san ba a riƙe shi da hannu, sai dai shi wannan an tattara zafin a wurin da bai fi farcen babban yatsa ba. Yawancin injinan Intel na kwamfutar cinya iyakarsu wajen digiri 100 ce. In sun doshi nan ba fashewa suke ba, wayo gare su: sai su rage gudu da kansu, in abin ya ƙi su kashe kansu gaba ɗaya. Wannan nauyin da kuke cewa "ta tsufa" ko "an yi mata asiri", sau da yawa haki take. Kuma fanka ba ta ƙirƙirar sanyi. Iskar ɗakinka take ja ta hura, in iskar tana 40 da ita za ta yi fifita.

Saboda haka wannan i7 da kuke rantsuwa da ita, ku daina tsayawa a kanta, ku karanta har ƙarshen lambar. Akwai harafi a wutsiya. In kun ga U, injin mai ƙaramin ci ne, wajen wat 15. In kun ga H, wajen 45 ne. HX kuwa ta haura nan. AMD ma da irin waɗannan haruffa take rarrabe nata Ryzen. Yaron shago ba zai fara da nan ba, don i7 ta fi daɗin faɗi a baki, kuma kai ma ka fi son ka je majalisa ka ce i7 ka saya. Amma wanda aikinsa rubutu ne, da lissafin shago, da karatun jami'a, da kallon wa'azi, me zai yi da H? Ka sayi dokin hawan Daushe don ɗaukar taki zuwa gona. Dokin zai yi sukuwa mai kyau daga nan zuwa can, jama'a su yi shewa, sannan ya tsaya yana kumfa. Jaki yana nan tafe, ba ya sauri, ba ya tsayawa, kuma shi zai riga isa. Yaran Zoo Road masu tace finafinan Hausa, su dole ne su hau dokin, aikinsu na buƙata. Amma ku lura da irin wadda masu hankalinsu ke saya: mai kauri, mai fanka biyu, mai ƙofofin iska a baya da gefe, muni kamar akwatin kafinta. Kaurin nan da kuke raina, shi ne huhunta.

Na hango wani Bazazzagi can baya yana ɗaga hannu. Na san abin da zai ce, wai Kanawa mun cika son banza, mu sayi ta hannu mu zo muna kuka da rana. Malam, a Zariya ma ba ƙanƙara ake yi ba, kuma ɗaliban Samaru sun fi kowa kwana da kwamfuta a kan filo. Zauna ka ji abin da zai amfane ka, yau kyauta ne.

Wancan bututun jan ƙarfe da yaro ya cire, ba ƙarfe ne zalla ba. Cikinsa rami ne, an zuƙe iskar ciki an bar ɗan ruwa kaɗan an toshe. In gefen da ke kan injin ya yi zafi sai ruwan ya zama tururi, ya gudu zuwa gefen fanka, ya huce, ya koma ruwa, ya dawo. Haka yake ta kewayawa. Wato dabarar randar kakarka ce aka sa wa kwat: ruwa in zai tashi, da zafi yake tafiya. Kuma mu nan ba baƙin wannan ilimi ba ne. Malam Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa a Dutse, da wannan hikima ya yaɗa tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, don adana gauta da tumatir a ƙauyukan da ba wuta, har ya ci kyautar Rolex a shekarar 2000. Kafin wani ya ce to sai mu sa kwamfutar a randa, don na san akwai mai faɗa: kul. Haka ma mai ɗora ta a kan ledar ƙanƙara, da mai cusa ta a firji na minti biyar. In ka fito da ita raɓa za ta kwanta mata a ciki, kamar yadda take kwanta wa kwalbar lemo, kuma ruwa da wuta kun san irin zumuncinsu.

Hajiya, ke ma ban manta da ke ba. Na san kin ce ke ba ruwanki, kallon Labarina kawai kike yi da Daɗin Kowa, ba wani aiki mai nauyi ba. Gaskiya ne. Amma a ina kike ajiye ta? A kan katifa, a kan lallausan bargon nan na kayan ɗaki, kin kishingiɗa. Yawancin kwamfutocin nan ta ƙasa suke shaƙar iska, shi ya sa aka yi musu 'yan ƙafafun roba. In kin dasa ta a bargo kin toshe mata hanci, sannan ɗan abin da ta samu ta ja, zare ne. Tiren da kike kawo wa Alhaji abinci a kai, juya shi ki ɗora ta. Ba sai kin sayi komai ba.

Alhajin majalisa kuma ya dawo da sabuwar hujja, irin ta 'yan Kwari: kuɗi ne maganin komai, a sayi mai tsada a huta. Da haka ne da na fi kowa murna. A watan Yuli na 2018 Apple ya fitar da MacBook Pro mai injin i9, tsadarta ba ta yaro ba ce, siririya kamar yadda kuke so. Masu gwaji suka ɗora mata aikin bidiyo sai ta yi zafi ta rage gudu, har kamfanin ya fito ya ba da haƙuri ya aiko da gyaran manhaja. A 2008 injinan hoto na Nvidia suka riƙa mutuwa a cikin kwamfutocin HP da Dell da Apple, saboda haɗinsu ba ya jure yawan zafi da hucewa. Waɗannan har a ƙasashen sanyi aka yi su, inda ofis ke da na'urar sanyaya ɗaki. In a can ta yi haki, kai da ke Mandawari sai ka yi lissafi.

Batir kuwa shi ne marayan gidan, ba mai tambayarsa. Batirin lithiyam ba ya ƙaunar abu biyu: zafi, da zama cike maƙil. Mu kuma biyun muke haɗa masa, kuma ba don mugunta ba. Wanda bai san yaushe za a kawo wuta ba, in an kawo dole ya cika komai har wuya ya bar caja a jone. Ga zafin ɗaki, ga zafin injin da ke maƙwabtaka da shi. Bayan shekara ɗaya ko biyu sai ka ga wurin da ake goga yatsa ya turo sama, ko murfi ya ƙi rufuwa daidai. Batir ne ya kumbura, kuma wannan ba abin a danne da littafi ba ne, a kai a cire shi. Lenovo da ASUS da Dell suna da saitin da ke tsayar da caji kafin ya cika, a wajen kashi 80 cikin ɗari. Wanda ke da sola ko inbata a gida, ya kunna shi. Wanda kuma ke barin jakarsa a cikin mota a rana ya shiga kasuwar Kurmi ciniki na awa biyu, wannan ba shawara yake buƙata ba, addu'a yake buƙata. In kuna ganin wasa ne, a 2006 wata kwamfutar Dell ta kama da wuta a wajen wani taro a Osaka ta Japan, kuma a watan Agusta na shekarar kamfanin ya janye batir miliyan 4.1 da Sony ya ƙera. Laifin ƙira ne wancan, ba na rana ba, na yarda. Amma ya nuna muku abin da ke kwance a cinyarku.

Wani zai ce to ai bazara wata uku ce, sauran shekara lafiya lau. Ina ka bar hunturu? Shi ne mai shuka, bazara girbi kawai take yi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska na kwaso ƙura daga Sahara, da yawanta daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafki. Ƙurar da kake sharewa a kan talabijin da safe ka dawo da yamma ka rubuta sunanka a kai, ita fanka ke zuƙa awa bayan awa. Ba ka ji komai ba saboda gari da sanyi. Lagwanin yana saƙuwa a hankali, sai Afrilu ya zo karɓar bashi. Shi ya sa nake ganin tambayar da ta fi "ram nawa" amfani a Kano ita ce: bayanta na buɗuwa da sukudireba na kowa da kowa? In sai an narka gam an ɓamɓare allo kafin a kai ga fanka, ka sayi rigima. Wadda ke buɗuwa cikin sauƙi, ka kai a hure ta sau ɗaya a shekara, ƙarshen hunturu, kafin zafi ya kankama.

Akwai marasa fanka gaba ɗaya, kamar MacBook Air tun daga mai injin M1 ta 2020. A nan zan yi adalci: wadda ba ta shaƙa ba ta shaƙar ƙura, kuma injinta ɗan ci kaɗan ne, ga batir mai daɗewa, abin da ba ƙaramin alheri ba ne a garinmu. Amma jikinta na alminiyam shi ne fankarta, in ka matsa mata da aiki mai tsawo za ta sassauta, kuma 35 ɗin nan tana kanta ita ma. Ga kuɗinta, ga kayan gyaranta. Mai hali ya duba.

Abin da ke ba ni mamaki da ku shi ne wannan. Bakano in zai sayi ragon Sallah sai ya buɗe bakinsa ya ƙirga haƙora, ya mammatsa gadon baya, ya sa a ja shi ya ga tafiyarsa, ya tafi, ya dawo, ya sake tafiya. A Kurmi, kasuwar da ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ba mai sayen fata bai shinshina ba. Amma mutumin nan in ya shiga Beirut Road sayen kwamfuta sai ya zama ɗan ƙauye: ya ga sitika mai sheƙi, ya ji "sabuwa dal a kwali", ya ƙirga kuɗi. Cinikin biri a sama. Ka yi mata abin da kake yi wa rago mana. In sabuwa ce ba za a yage maka kwali ba, to a kawo ta gwaji irinta. A jona caja, a kunna bidiyo mai nauyi, a buɗe shafuka goma sha, ka ja kujera ku yi hirar siyasa ta minti ashirin. Sannan ka sa tafin hannu a ƙarƙashinta, ka sa a kan madannai, ka kai bayan hannu bakin mafita. Iska mai ɗumi tana fita da ƙarfi? Madalla, tana aikinta. Jiki zau, fanka na ihu, iska kuwa ba ta fita? Ka yi musu sai an jima. Akwai ƙananan manhajoji na kyauta irin su HWMonitor da ke nuna zafin injin da lamba. In tana zaune ba ta komai tana nuna 70, ba sai an kira malamin duba ba. In ta hannu ce, ƙara da kallon gefenta saitin ido ko ta yi ciki. Faifan nan mai fanka da ake ɗorawa a ƙasa yana ɗan taimakawa in hancinta a ƙasa yake, amma kada a sayar maka da shi a matsayin magani. Murafun kwalba huɗu a ƙarƙashin kusurwoyinta sun yi rabin aikinsa.

Ni dai yanzu wata mai kauri nake riƙe da ita, baƙa, mai U a wutsiya, ba wanda ya taɓa cewa ta burge shi. Kuma na sauko daga bene. Da rana a tsohon soron gidanmu nake aiki, mai katangar ƙasa da ta fi kamu biyu kauri da rufin azara, wanda muka so rushewa mu zuba bulo shekarun baya, tsohuwa ta hana. Magina na da sun san abin da suke yi: katangar kan shanye rana duk yini, sai dare ta sake ta. Ka shiga Gidan Makama da azahar ka ji. A nan fankar tawa ko tari ba ta yi.

Shekaranjiya bayan La'asar ina zaune sai ga sallama. Alhajin majalisa ne, mai turmin farko, da wata siririya mai ƙyalli a hammata, ya naɗe ta a sallaya. Bai dube ni ba. Ya dubi azara, ya dubi katanga, ya ce ashe soron nan da sanyi haka. Ya zauna, ya yi gyaran murya, ya tambayi lafiyar iyali har sau biyu. Can ya ce, ƙasa-ƙasa, "Malam, yaron nan naka mai hantsaki, a wane layi yake?"